Limaman coci da haƙƙin ma'aikaci a Amurka

A shekarar 1885, lokacin da Richard Ely da abokansa suka kafa ƙungiyar masana tattalin arziki ta Amurka, akwai limaman Furotesta a cikinsu, har da Washington Gladden, wanda ya daɗe yana kare 'yancin ma'aikata na kafa ƙungiya. A ganinsu, sakar wa kasuwa mara ta yi yadda ta ga dama zalunci ne ga talaka.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙudurin cocin Methodist na 1908, wanda ya nemi a daina sa yara aikin ƙarfi, a ba ma'aikaci hutun kwana ɗaya a mako da albashin da zai riƙe shi. Shekara 30 ke nan kafin dokar mafi ƙarancin albashi ta 1938.