Farin tabo a dodon kunnen ɗiyata

Jiya mun koma asibiti nan Gusau, likita ya leƙa kunnen ɗiyata ya ce ɗan bututun da aka sa mata saboda ruwan da ke taruwa ya hita da kanshi, dama tsakanin wata 6 zuwa 18 yake faɗowa, amma ya bar farin tabo a dodon kunne. Wallahi gabana ya faɗi! Ya ce in kwantar da hankali, galibi tabon baya taɓa ji. Na tambaye shi zancen bitamin E da ake cewa yana hana tabon, ya ce yawancin gwajin a kan ɓeraye aka yi, kar in ɗiga mata komai. Kakarta hwa har ta ɗauko man zaitun, da ƙyar na karɓe.