Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Daga Gafaka zuwa Jakar Kwamfuta

A makon jiya na tsaya a kan yadda ciniki ya mutu mana a rumfar maigidana da ke cikin Kasuwar Kurmi, bayan harin da aka kai wa birnin Kano a ranar 20 ga Janairun 2012. Kafin wannan lokaci, manyan kayan da dukawan Kurmi suke samun kuɗi a kansu baƙi ne suke saye, wato Turawa masu yawon buɗe ido da ma'aikatan ƙungiyoyin waje, waɗanda sukan zo kallon hawan Sallah, su leƙa marinar Ƙofar Mata, sannan su shigo wurinmu su sayi timtim da alabe da zabira su tafi da su tsaraba. Da baƙin nan suka ɗauke ƙafa, sai muka koma dogaro da ɗinkin laya da kube da gyaran kayan doki, aikin da ba ya kawo abin kirki sai Sallah ta ƙarato. A haka muka yi ta lallaɓawa har shekarar 2016.

Maigidana, wanda nake kira Baba duk da cewa ba shi ya haife ni ba, mutum ne da yake ɗaukar dukanci a matsayin amanar da ya karɓa daga iyaye. Yakan tuna mana cewa kasuwar da muke zaune a cikinta tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, kuma fatar jar akuya ta ƙasar Hausa ce fatake suka riƙa ratsa Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, har ta shiga hannun masu yi wa littattafai bango a Turai. Ina son wannan tarihi, har yau kuma ina faɗa wa yarana shi. Sai dai a zuciyata akwai tambayar da ta hana ni sakat: idan fatarmu ta kai wannan daraja, me ya sa ɗaliban da nake gani a bakin tsohuwar harabar Jami'ar Bayero suke rataye da jakunkunan roba na waje, waɗanda ba sa cika shekara sai su fara saɓulewa, hannunsu ya tsinke?

Mafitar ta zo mini ne daga abin da na saba ɗinkawa tun ina yaro. Wani malamin allo ya kawo tsohuwar gafakarsa, wato jakar fatar da ake saka Alƙur'ani a ciki, a sake mata maratayi, ya ce ta mahaifinsa ce. Na juya ta a hannuna, na ga fatar ta yi duhu saboda tsufa da gumin hannu, amma ɗinkin bai motsa ba, murfin kuma yana rufe bakinta ruf yadda ƙura ba za ta shiga ba. Gafaka an yi ta ne domin ta tsare abu mai faɗi, mai daraja, wanda ba a son ya lanƙwashe ko ya jiƙe, kuma a rataya shi a kafaɗa a yi tafiya. Duk wannan shi ne abin da mai kwamfutar tafi-da-gidanka yake nema. Da daddare na auna kwamfutar wani maƙwabcinmu da igiya, na yanka kwali a kan awon, na fitar da fasalin jaka mai murfi irin na gafaka, na ƙara mata aljihu ɗaya na wayar caji.

Ban fara aikin a ɓoye ba, domin a sana'armu yaro ba ya taɓa fatar maigida ba da izini ba. Na kai wa Baba kwalin bayan sallar La'asar, na durƙusa na yi masa bayani. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ɗan nan, fatar tunkiya ba za ta ɗauki nauyin wannan ba, za ta miƙe. Ka nemi ta akuya, maratayin kuma ka yi shi da ƙirgin saniya." Wannan ita ce amincewarsa, kuma ita ce gyara ta farko da aka yi wa jakar da nake ci da ita har yau.

A nan zan ɗan tsaya a kan fata, saboda duk wanda yake son ya fahimci sana'ar nan dole ya fara daga majema. Mu dukawa ba mu muke jima ba. Majema ne suke yi, irin na Ƙofar Wambai. Sukan jiƙa ɗanyar fata a ruwan toka har gashin ya saki a kankare shi, a sake jiƙa ta a ruwan kashin kaji ko na tantabara domin ta yi laushi, sannan a tsoma ta a ruwan bagaruwa, wanda shi ne yake mayar da ita abin da ba ya ruɓewa. Bayan nan a shafe ta da mai, a rina ta: ja da karan dafi, baƙi da kuloko, rawaya da gangamau. Matsalar da ta daɗe tana kore mana masu saye ita ce wari, kuma warin nan yana zuwa ne idan aka gaggauta aikin, ba a wanke fatar sosai ba bayan matakin laushi, ko aka tara ta ba ta gama bushewa ba. Mai sayen timtim yana iya haƙuri ya shanya shi a tsakar gida, amma ma'aikaciyar banki ba za ta shiga ofis da jaka mai wari ba. Saboda haka na samu wani dattijon majemi muka yi magana, na ce zan riƙa ƙara masa kuɗi a kan kowace fata, shi kuma ya ƙara wanki ya bar ta ta bushe a inuwa. Abokan sana'ata sun ɗauka asarar kuɗi nake yi. Ni kuwa har gobe ina ganin wannan ƙarin shi ne jari mafi albarka da na taɓa zubawa.

Shekarar ta zo da nata sauyin. A watan Yunin 2016 Babban Bankin Najeriya ya saki naira, dala ta tashi daga 197 zuwa wajen 280 a hukumance, a kasuwar bayan fage kuma ta yi ta hawa har ta kai 500 a farkon 2017. Abin ya taɓa mu ta fuska biyu. Zif da gam da zare da ƙarfen maratayi, waɗanda duk daga waje ake shigo da su muke saye a Kasuwar Ƙofar Wambai, sun yi tsada, ɗanyar fata ma ta tashi domin manyan kamfanonin jima na Sharaɗa da Challawa da suke fitar da ita waje suna iya biyan abin da ƙaramin majemi ba zai iya ba. Amma jakunkunan waje su ma sun yi tsada, har tazarar da ke tsakanin kuɗin jakar roba da na jakar fata ta ragu, mutane suka fara tsayawa suna tambayar abin gida. Da na fito da jakata shekara uku kafin nan, mai yiwuwa da ba wanda zai kalle ta.

Ranar da na gama jakar farko, Baba ya tambaye ni nawa zan sayar. Da na faɗa masa, sai ya sa na ɗauko takarda na rubuta kuɗin fata, da zif, da shafi, da gam, da kuɗin motar zuwa majema. Sannan ya ce, "Ina kuɗin hannunka? Idan da wani ka ba wa ya ɗinka maka, kyauta zai yi?" Ya sa na rubuta ladan aikin kamar yadda zan biya ɗan ƙwadago, ya ce riba sai bayan wannan take farawa. Ya kuma gargaɗe ni da cewa kuɗin fata ba nawa ba ne, na jakar gaba ne, kada in kuskura in yi cefane da shi ko da gida ya ƙone. Na lura cewa yawancin masu sana'ar hannu da na sani, maɗinka da masaƙa da masu ɗinkin hula, ba rashin gwaninta ne yake karya su ba. Suna sayar da kayan aiki ne su ba da wahalarsu kyauta, sannan su ci uwar kuɗi suna zaton riba ce. Abin yana yi mini ciwo ƙwarai, domin na ga mutanen da hannunsu ya fi nawa nesa ba kusa ba sun ajiye basilla sun koma tuƙa Adaidaita Sahu.

Wadda ta fara saye wata malamar jami'a ce da ta shigo Kurmi neman turaren wuta. Ta ɗauki jakar, ta buɗe ta, ta kai ta hanci, ta ja maratayin da ƙarfi, sannan ta taya rabin kuɗin da na faɗa. Na ce, "Albarka, Hajiya." Ta ce a Kasuwar Sabon Gari za ta samu biyu da wannan kuɗi. Na ce mata, "Gaskiya ne, Hajiya, za ki samu. Amma wannan idan ɗinkinta ya warware ko bayan shekara nawa ne, ki dawo mini da ita in gyara ba ko kwabo." Ta tafi ba ta saya ba, Baba kuma bai ce mini uffan ba. Bayan sallar Azahar ta dawo ta biya, kuma kafin wata ya ƙare abokan aikinta sun fara aiko da awon kwamfutocinsu tare da kafin alƙalami. Alkawarin gyara kyauta da na yi mata a tsaye ya zama ƙa'idar shagona, kuma shi ne yake hana ni yin ha'inci a ɗinki, tunda na san duk abin da na ɓoye a cikin jaka wata rana zai dawo hannuna.

Da aiki ya fi ƙarfin kusurwar da nake zama a rumfa, Baba da kansa ya ce lokacin yaye ya yi. Ya tara dattawan layinmu aka yi addu'a, ya ba ni basillarsa ɗaya da wuƙar yankan fata, ya kuma haɗa ni da yara biyu daga cikin masu koyo. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada in mayar da su 'yan aike, in koya musu yanka, domin wanda aka bari a shafa gam ba zai taɓa zama baduku ba. A ranar na gane cewa abin da ya dame shi a shekarun nan na rashin ciniki ba aljihunsa ba ne kawai, tsoro yake ji kada sana'ar ta ƙare a hannunsa. Wannan tsoro na gada daga gare shi, kuma shi ne dalilin da ya sa nake ba kowane yaro da ya shigo wurina fata ya ɓata tun a watanninsa na farko, duk da tsadarta.

Da kuɗin adashin da na kwasa na kama ɗan shago a wajen kasuwa, na sayi tsohon keken ɗinkin fata na hannu. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarin yadda ƙanwata ta fara sa hotunan jakunkunan a Instagram, da yadda na koyi aika kaya Abuja da Legas ta hannun direbobin tasha.