Tsarin yini ga ɗalibai masu buƙata ta musamman: abin da aiki ya koya mana a Legas

Yaron da ya taso daga Agege ko Mile 12 tun da sassafe, ya sha hon ɗin danfo da cunkoso da hayaƙi, kafin ya iso ƙofar makaranta rabin haƙurinsa ya ƙare. Ga wanda ƙara ko haske ko taɓawa ke damunsa fiye da kima, kamar da yawa daga masu lalurar galahanga (wato autism), wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kada a wuce da shi asambili kai tsaye. A ba shi minti 10 zuwa 15 a aji babu hayaniya, ya ajiye jaka inda ya saba, ya sha ruwa, ya zaga banɗaki.

Abin da ya fi komai riƙe yini shi ne yaro ya san me zai biyo baya. A liƙa hotuna biyar ko shida a jere, daidai tsayin idonsa: karatu, hutu, abinci, wasa, tashi. Hoton ainihin wurin da aka ɗauka da waya ya fi zane amfani, domin wani yaron ba ya haɗa zanen banɗaki da banɗakin makarantarsu. Duk abin da aka gama, shi da kansa zai cire katin ya jefa a kwali. Yawancin kuka da birgima a lokacin sauya aiki suke faruwa, don haka a sanar da shi saura minti biyar, a sake faɗa saura minti ɗaya, da kalmomi iri ɗaya kullum. Ranar Juma'a, ko ranar da ruwan sama ya hana fita wasa, a canza katin tun da safe a gabansa.

Zaman karatu kada ya wuce minti 15 ba a motsa jiki ba. Aiki mai ɗan nauyi yana kwantar da jiki: ɗaukar littattafai zuwa ofis, tura bango da tafin hannu, goge allo. A ware kusurwa guda da tabarma da labule inda zai je ya huce. Ranar da aka tura shi can a matsayin horo, wurin ya tashi daga aiki.

Mu manya kunnenmu ya saba da janareto da fanka da ruwa kan rufin kwano, har mun daina jinsu. Mai na'urar ƙara ji kuwa, duk wannan take ƙara masa tare da muryar malami. A zaunar da shi gaba, nesa da fanka, malami kuma kada ya yi magana yana fuskantar allo ko taga na bayansa, saboda yaron yana karanta leɓe. A duba batirin kowace safiya. Laimar Legas da zufa suna lalata na'urar, sai a roƙi iyaye su riƙa rufe ta da dare a gwangwani mai abin tsotse danshi. Mai lalurar gani, a kira sunansa kafin a taɓa shi, kada kuma a matsar da benci ba a zagaya da shi ya shafa ba.

In yaro ya rikice da kuka da birgima, a rage magana, a janye 'yan kallo, a jira. Bulala ƙara wa wutar fetur take yi, yaron ba taurin kai yake yi ba.

Yaranmu suna jin Hausa a gida, Turanci a aji, Yarbanci da Burokan a filin wasa. Malami da uwa su yarda da kalma ɗaya ko alama ɗaya ta ruwa, ta fitsari, ta "ya isa". Ƙaramin littafi ya riƙa kai-komo a jaka: ƙarfe nawa ya yi barci, ko an ɗauke wuta zafi ya hana shi, me ya ci. In yana zuwa Islamiyya da yamma, a bar masa aƙalla awa guda ya huta, a kuma gaya wa malamin ya zaunar da shi bakin ƙofa, inda zai iya fita in karatu da ƙarfi ya yi masa yawa.