Toshewar hanyar hawaye: ta jariri daban, ta babba daban

Da zarar hunturu ya shigo Maradi, duk idon da ke zubar ruwa ƙura ake ɗora wa laifi. Amma jaririn da idonsa ɗaya ke kwance da ruwa ko ba ya kuka, kwantsa na manne masa gashin ido da safe, alhali farin idon na nan tas, yawanci hanyar hawayensa ce a toshe.

A kusurwar ido ta wajen hanci akwai ƴan ramuka biyu, ɗaya a fatar sama, ɗaya a ta ƙasa. Ta nan hawaye ke shiga wata ƴar jaka a gefen karan hanci, su gangara ta siririn bututu zuwa cikin hanci. Shi ya sa mai kuka ke jan majina. A wasu jarirai, siririn tantanin da ke rufe ƙarshen bututun ba ya fashewa kafin haihuwa. Hawaye su taru a jakar, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Alamar takan bayyana makonnin farko bayan haihuwa, kuma a kusan jarirai 9 cikin 10 hanyar na buɗewa kafin yaro ya cika shekara 1.

Abin da ke taimakawa shi ne tausa, sai dai iyaye mata da yawa shafa fatar ido suke yi, wanda ba ya taɓa jakar ko kaɗan. A yanke farce, a wanke hannu da sabulu. A ɗora kan manuniya a kusurwar idon, a jikin ƙashin hanci. A danna ciki da ɗan ƙarfi, sannan a jawo yatsan ƙasa zuwa gefen kafar hanci. A yi haka sau 5 zuwa 10, sau 2 ko 3 a yini. Manufar ita ce ruwan da ke cikin jakar ya turo tantanin ya fashe. Kwantsar da ta fito a goge ta da auduga da tafasasshen ruwan da ya huce, daga ciki zuwa waje, kowane ido da audugarsa.

Don Allah kada a ɗiga nono, kada a sa kwalli. Kada kuma a sayi maganin ɗigawa wurin masu talla, domin wasu na ɗauke da sinadarin kotizon da ke iya haddasa hawan ruwan ido, wato matsin cikin ido ya ƙaru har ya lalata gani. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ma mugunya kawai yake ragewa, ba ya buɗe hanya. In shekara ta wuce ba sauyi, likitan ido zai sa yaron barci ya zura siririyar waya ya huda tantanin, aikin ƴan mintuna.

Akwai alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya: mugunya mai yawa da kumburin fatar ido a watan farko, jan kumburi a gefen hanci tare da zazzaɓi, ko ido ya girma, baƙinsa ya yi hazo, jaririn na gudun haske. Waɗannan na iya makantarwa.

A manya tausa ba ta buɗe komai, domin tabo ne ya tsuke bututun, daga daɗaɗɗen kumburi, ciwon hanci ko karayar ƙashi a hatsari. An fi ganinsa a mata da suka haura shekara 40. Kafin a ce toshewa ce, a duba gashin ido, don a yankinmu amosanin ido na lanƙwasa shi ciki ya riƙa gogar ƙwayar idon, hawaye su yi ta zuba. Gwajin toshewar mai sauƙi ne: likita ya tura ruwan gishiri ta ɗan ramin. In an ji gishiri a maƙogwaro, hanya a buɗe take. In ya dawo ido, a toshe take.

Jakar da ta kumbura ta yi ja ana sa mata ɗumi da tsumma mai tsabta, a sha maganin da likita ya rubuta, kuma ba a kai ta wurin wanzami ya tsaga. Maganin dindindin tiyata ce da ke buɗe sabuwar ƙofa ta cikin ƙashi daga jakar zuwa hanci. Duk dattijon da za a yi wa aikin yanar ido ya gaya wa likita in idon na fitar da mugunya idan an danna kusurwarsa. Dole a magance wannan tukuna, don kada ƙwayoyin cutar su bi yankan su shiga cikin idon.