Daga Kaduna zuwa Abuja: abin da tafiyar kwana ɗaya ta koya mini

Lokacin da aka sanar da mu ɗaurin auren 'yar abokin mahaifina a Gwarinpa, ni aka ɗora wa nauyin raka Baffana daga Kaduna zuwa Abuja, kuma ni aka bar wa zaɓin hanyar da za mu bi. Baffa ya haura shekara 70, gwiwarsa ba ta jure doguwar zama a takure, saboda haka tun farko hankalina ya karkata ga jirgin ƙasa. Na san mutane da dama har yanzu gabansu yana faɗuwa idan aka ambaci jirgin, tun bayan harin 28 ga Maris 2022 wanda ya sa aka dakatar da zirga-zirga sai a Disambar shekarar aka dawo, amma hanyar mota ma tana da nata tarihin a wajejen Rijana da Katari. Da na auna su duka biyu, sai na ga samun wurin miƙe ƙafa da banɗaki ya fi muhimmanci ga dattijo.

Na sayi tikiti ta intanet da wuri, na shigar da lambar shaidar zama ɗan ƙasa ta kowannenmu kamar yadda ake buƙata. A lissafina, layin dogon mai kilomita 186, wanda aka buɗe a 2016, zai ci mana awa biyu da wani abu, shi ke nan. Abin da ban saka cikin lissafin ba shi ne nisan tashoshin da inda mutum yake da kuma inda ya nufa. Gidanmu a Barnawa yake, tashar kuwa tana can ƙarshen Rigasa, sai da muka ratsa gari cikin cunkoson Keke Napep da 'yan makaranta, muka isa ana gab da rufe ƙofa, Baffa yana dogara sandarsa yana haki.

Babban kuskurena ya zo ne a ɗaya ɓangaren. Da jirgin ya tsaya a Kubwa, na ga fasinjoji da yawa suna sauke jakunkunansu, Baffa ya dube ni ya ce, "Ɗana, anya ba nan ya kamata mu sauka ba?" Na ce masa, "A'a Baffa, Idu ce tashar Abuja." Ashe Gwarinpa ta fi kusa da Kubwa nesa ba kusa ba. Muka sauka a Idu, yankin masana'antu da ke gefen birni, muka ɗauki shatar tasi mai tsada ta komo da mu kusan inda muka baro, kuma ko da muka isa masallacin an riga an shafa fatiha. Baffa bai yi mini faɗa ba, amma shirun da ya yi a cikin motar ya fi faɗa ciwo, domin ya ɗauki wa abokin ɗan'uwansa alkawarin zai tsaya a wurin.

Washegari ba mu samu tikitin komowa ba, dole muka bi mota. A nan na yi aiki da hankali: na ƙi tsayar da mota a bakin titi duk da arharta, muka shiga tasha inda ake rubuta sunan fasinja da lambar wani nasa, na biya kuɗin kujera biyu a gaba saboda gwiwar Baffa. Mun jira lodi kusan awa guda, sannan muka bi ta Zuba da Tafa da Jere, inda aikin titi ya mayar da motoci hannu ɗaya a wasu wuraren, ga tireloli jere. Duk da haka, da yake mun yi sammako, kafin la'asar direban ya sauke mu a kudancin Kaduna, 'yan mintuna kaɗan daga gida.

Tun daga ranar, kafin in yanke shawarar jirgi ko mota, sai na fara kiran wanda zan je wurinsa na tambaye shi unguwarsa da tashar da ta fi kusa da shi, sannan in ƙirga lokacin daga ƙofar gidana har zuwa tasa. A watan jiya da na sake raka Baffa duba jikansa a Dutsen Alhaji, a Kubwa muka sauka, muka kuma samu sallar azahar tare da mutanen gidan.