Ɗan kasuwa a kujerar gwamna da ruwan Flint

Jiya a Tudun Wada nan Gombe ina jiran mai ruwa ya sauke min jarka huɗu daga kura, sai abokina ke cewa ai a ba ɗan kasuwa mulki kawai komai ya gyaru. Nan take na tuna Rick Snyder. Mutumin nan ya shugabanci kamfanin kwamfuta na Gateway, ya zama gwamnan jihar Michigan a Amurka daga 2011 zuwa 2019. A 2014 ƙarƙashin manajan da gwamnatinsa ta naɗa aka juya garin Flint da ke jihar kan ruwan kogi wai don rage kashe kuɗi, ba a sa maganin hana bututu cinyewa ba, gubar dalma ta shiga ruwan, yara suka yi ta sha. Yara fa! Wallahi abin na ci min rai har yanzu. Sai a ƙarshen 2015 ya fito ya nemi afuwa.