Mabiyiyar da muka bari a ciki

Wata mai ciki ce aka kawo mana, tiyatar haihuwa biyu aka yi mata a baya, ga mabiyiya ta sauko ta toshe bakin mahaifa, kuma sikanin ya nuna ta kafe cikin tsokar mahaifa, matsalar da akan cire mahaifa a kanta. Ta ce mini, "Likita, ɗa ɗaya ne ya rayu mini, don Allah ku bar mini mahaifata." Muka amince.

Mun tsaga mahaifar can sama, nesa da mabiyiyar, muka ciro jaririya, muka ɗaure cibiya dab da tushenta, muka ɗinke ba tare da mun ja komai ba, muka bar mabiyiyar a ciki ta narke da kanta. Methotrexate, maganin da ke tsayar da girman ƙwayoyin jiki, ban ba ta ba, don mabiyiyar cikin da ya kai wata tara ta daina girma, ɓargonta kawai maganin zai illata.

A wajen sallama na yi kuskure. Da ta yi kwana goma na bar ta ta koma ƙauyensu bayan Maiurno, a Sudan, tsakiyar damina, na ce, "In kin ga jini ki dawo." Jini kaɗai na ambata. Sinadarin hCG, wanda mabiyiya ke fitarwa cikin jini, yana ta sauka, shi ya rufe mini ido, alhali saukarsa ba ta nufin mabiyiyar ta narke. A binciken da aka yi wa mata 167 a Faransa, wanda ya fito a 2010, narkewar kan ɗauki wajen mako 13, wata har mako 60. Duk tsawon lokacin nan mataccen nama ne kwance a cikinta.

Zazzaɓi ya zo a mako na huɗu. A bakin Kogin Nilu zazzaɓin damina na sauro ne a wurin kowa, sai aka ɗora ta kan maganinsa. Kwana shida ana haka. Da aka kawo ta zafin jikinta ya kai 39, ruwa mai wari na fita, jininta ya daina daskarewa. Jini leda shida muka ƙara mata, muka cire mahaifar da muka yi wahalar tsarewa. Ta rayu, alhamdulillahi.

Har yau kalma ɗayar nan da ban faɗa ba, zazzaɓi, tana cina. Yanzu ba na barin mabiyiya sai matar za ta zauna kusa da asibiti mai bankin jini, tana zuwa duk mako a auna zafin jiki, ƙarfin jini da fibrinogen, sinadarin da ke sa jini ya daskare. Mijinta da mahaifiyarta nake zaunarwa in ce musu: zazzaɓi, wari ko ciwon mara, ku kawo ta a ranar, kada ku biya ta kemis.